Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Gadonmu Da Sauyin Yanayi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, da 'yan majalisarsa, da hakimai, dagatai da masu unguwanni na ƙasar Zazzau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma irin na talaka ga uban ƙasa, na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a ne saboda ta shafi kowane gida a garin nan. Maganar zafin da ke ƙaruwa a kanmu ce, da ruwan da ke shigar mana ɗakuna, da kuma abin da kakanni suka bar mana wanda zai rage mana wahalar duka biyun, amma muke zubar da shi da hannunmu. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, da wannan niyya nake rubutu.

Wanda ya yi azumin 2024 a Zariya bai manta da shi ba. Dare ya raba amma ɗaki ba ya shiguwa, mutane kwance a tsakar gida da ƙofar gida, tsofaffi da jarirai suna jigata, ga wuta babu. Daga baya hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a ga shekara mai zafin wannan ba. Damina ma ta sauya hali. Ruwa kan sauka a yi shuka, sai ya ɗauke har tsiro ya ƙone, in ya dawo kuma ya juye a dare guda abin da a da yake rabawa kwanaki. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Najeriya, kuma mun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mu ma a nan, mazauna bakin Kamaca da Kubanni sun san kwanan tsaye idan hadari ya haɗo a watan Agusta.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Tun 2021 akwai dokar sauyin yanayi ta ƙasa, akwai shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, hukumar NiMet kuma tana fitar da hasashen damina duk shekara. Abin da ke damuna shi ne matsayin da aka ba al'ada a cikin aikin. Sau da yawa iyakarta buɗe taro: a kira makaɗa, a ɗauki hoton hakimi yana dasa itace, a watse. Alhali yarjejeniyar Faris ta 2015 da kanta ta ce a riƙa dogaro da ilimin gargajiya da sanin mutanen wuri wajen jure wa sauyin yanayi, kuma a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Dubai a 2023 ƙasashe sun sa kare kayan gado cikin manufofin da suka amince da su. A ganina, ranka ya daɗe, gadon Zazzau kayan aiki ne da za mu iya ɗauka yau mu yi amfani da su, kuma fada ce ta fi kowa ikon sa a ɗauka.

Zan fara da gini, don a nan hasarar ta fi girma.

A gidan da na tashi a cikin birni akwai tsohon soro da ake kira ɗakin kaka. Kaurin bangonsa daga ƙasa ya kusa kamu biyu, yana sirancewa yayin da yake hawa, rufinsa azara ce da aka jera a kan bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, aka danne da ƙasa. Da tsakar ranar bazara, lokacin da yashin tsakar gida ba ya takuwa, in ka shiga ɗakin nan sanyi ne zai tare ka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki rana ta faɗi, sai ya sake shi cikin dare. Da hunturu kuma wannan ɗumin ne ke kwana da mutane. Ɗakin bulo mai rufin kwano da aka gina a gefensa yana ɗaukar zafi tun hantsi, ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka sai da wuta, wuta kuwa sai an yi sa'a ko an sayi mai a janareta. Ga tsadar siminti da ta gagari mai ƙaramin ƙarfi. Masana kuma sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Na san abin da za a ce, kuma mai faɗa yana da hujja: ginin ƙasa yana faɗuwa, yana danne mutane. Duk damina muna jin labari. Mun kuma ɗanɗani mafi ɗacinsa ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, da wani sashe na rufin babban masallacin Juma'a ya rufto a kan masallata ana sallar La'asar. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyalansu haƙuri. Tun daga ranar nake jin mutane suna cewa zamanin ginin ƙasa ya wuce. Ina roƙon kada a yanke wannan hukunci. Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830, ya ɗauki rufinsa sama da shekara 180 da ƙasa da azara kawai. Masu nazarin gine-gine na ƙasashen waje sun zo sun auna bakan gizonsa sun rubuta shi a littattafai. A Wusasa ma cocin ƙasa da aka gina a 1929 da hannun maginan Hausa tana nan. Gini irin wannan ba rauni gare shi ba, sharaɗi gare shi, kuma sharaɗin shi ne kulawa.

A da, kafin ruwan farko ya sauka, kowane mai gida ya san aikinsa. Magini zai hau soro ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya ya toshe, a share indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango, a gyara zankwaye. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta yi kwanaki tana tsumuwa kafin a yi yaɓe. Mai hali ya sa a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso, haɗin katsi da gashin jima da dafara, wanda ruwa ke zamewa a kansa. Yau an bar yaɓe. Abin da ya maye gurbinsa shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti a ɗauka an huta ke nan. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma ba ya barin bango ya sha iska. In ya tsage ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, bango ya jiƙe daga ciki alhali fuskarsa sumul, sai wata rana ya zube gaba ɗaya ba gargaɗi. Ƙari a kan haka, an ɗaga tituna da lunguna sun fi daɓen gidaje tudu, ruwa ya koma kwanciya a gindin katanga. Gidaje da yawa da ake cewa ruwan sama ya rusa, waɗannan abubuwa ne suka fara cin su.

A lura kuma da yadda sana'o'in suke riƙe da juna. Katsi daga karofin marina yake fitowa, gashin jima daga majema, makuba daga ɗorawa, azara daga giginya wadda gara ba ta ci, ita kuwa giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara. In marini ya rufe karofi ko aka sare ɗorawar gona, magini ne zai rasa kayan aiki, mai gida kuma ya rasa ɗaki mai sanyi. Shi ya sa ba na ganin za a ceci ginin gargajiya da adana hotunansa.

Ba cewa nake yi a koma zamanin Sarauniya Amina ba. Ana iya zuba harsashi da dutse da siminti don ɗanshi kada ya hau, a ɗora bangon jar ƙasa da aka matse da inji aka sa mata ɗan siminti kaɗan, a yi rufi mai baki da zai kare bango daga feshin ruwa. Da irin wannan dabara Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a duniyar zanen gine-gine. Mu da muke da gidan Babban Gwani, muke da sashen nazarin gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, muke da kwalejin kimiyya da fasaha mai ɗauke da sunan mahaifin Sarki, me muka rasa? Abin da muka rasa shi ne wanda zai zaunar da tsohon magini da injiniya a tabarma ɗaya, kowa ya ji girman ɗan'uwansa. Fada za ta iya. A sa Sarkin Magina ya tattaro gwanayen da suka rage, a rubuta abin da suka sani, a ɗauke su a bidiyo suna aiki, a ba su yara masu koyo da ɗan alawus. Sannan a gina wani abu da jama'a za su riƙa shiga, ko aji ne, ko ɗakin shan magani, ko masallacin unguwa, a auna zafinsa da na ginin bulo da ke kusa, a faɗa wa mutane sakamakon a rediyo.

Akwai kuma abin da ya fi awo muhimmanci. Mutane sun guji ginin ƙasa ne saboda ya zama alamar talauci. Saurayi yana jin kunyar kai amarya ɗakin ƙasa, ko da ya san ya fi daɗin kwana. Babu dokar da za ta gyara wannan. Amma ranar da aka ga masu sarauta da attajiran Zazzau suna gina zaurukansu da ƙasa, da tulluwa da zane a fuska, suna karɓar baƙi a ciki, kunyar za ta fara gushewa. A Jenne ta ƙasar Mali, gari duka ke fitowa sau ɗaya a shekara a yaɓe babban masallacinsu, yara na ɗaukar ƙasa, mata na ɗebo ruwa, magina na kan bango. Mu ma mun san gayya. In Sarki ya sa rana guda a ƙarshen rani ta zama ranar gayyar yaɓe da yashe magudanai, aka fara da tsofaffin sorayen fada, na tabbata unguwanni za su yi gasa.

Sai maganar ruwa. Ƙasar da aka gina birnin nan daga cikinsa aka haƙo ta, ramukan da suka rage su ne kududdufai. Kududdufi randar unguwa ne: ruwan tsakar gida ya bi rariya ya fita lungu, lungu ya kai shi can, ya zauna yana nutsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyi har cikin rani. A unguwarmu na ga yadda ɗaya ya ɓace. An fara da zuba masa shara, shekara bayan shekara, leda da toka da ɓaraguzai. Da ya cika rabi sai aka wayi gari mota ta juye ƙasa, bayan nan aka kafa turaku, aka yanka filaye aka sayar. Damina ta zo, ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa ya tarar da katanga, ya juya ya shiga gidajen da tun kakanni ba su san ambaliya ba. Waɗanda suka sayi filin ma ba su tsira ba, ɗakunansu ba sa bushewa. Rijiyoyin kewaye kuma suka fara ƙafewa tun kafin bazara.

Gaskiya ne kududdufin da aka yi wa sakaci gidan sauro ne, matattarar ƙazanta, kuma ya sha cin yara. Maganin wannan shi ne a yashe shi, a hana zuba shara, a kewaye shi, a zuba kifi su cinye ƙwayan sauro, a dasa itatuwa a gaɓarsa. Na san tun dokar filaye ta 1978 ikon ƙasa yana hannun gwamna da ƙananan hukumomi. Sai dai kowa ya sani, cinikin fili a cikin gari da wuya ya ƙullu ba da sanin mai unguwa ba. Ina roƙon Sarki ya umarci masu unguwanni kada ɗayansu ya sake zama shaida a cinikin kududdufi ko hanyar ruwa, kuma kowanne ya kawo jerin waɗanda suka rage a unguwarsa. A miƙa jerin ga ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da hukumar tsara birane ta jihar Kaduna (KASUPDA) da hukumar taswira da rajistar filaye ta jihar (KADGIS), a sa su a taswira a matsayin hurumin jama'a. Wannan aiki ba ya buƙatar dala ko ɗaya.

Ganuwa ma tana cikin wannan lissafi. Waɗanda suka zagaye birnin da ita sun bar gonaki da fadamu a cikinta da gangan, kuma waɗannan sarari ne ke shanye ruwan da yanzu ke gudu a kan kwalta. Mai tafiya daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, ko daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kona, zai ga inda ruwa ya ci, da inda aka ɗebi ƙasa, da inda aka ɗora gini a kanta. Abin da ya rage a shata masa iyaka, a dasa itatuwa a gefensa ya zama inuwa ga masu wucewa.

Itatuwa kuwa, Zariya garin rimi ce tun asali, Rimin Doko da Rimin Tsiwa shaida ne. A ƙauye kuma an san ba a taɓa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka ko da gonar ta canza hannu, don daddawa da man kaɗe da miya daga gare su suke. Manomi yana barin gawo a tsakiyar gona saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci su bar masa taki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa suka koma gawayi da itace, kuma masu sara ba sa bambance ɗorawa da marke. Ba zan zargi matar da ke neman abin dafa wa 'ya'yanta tuwo ba. A taimaka mata da murhu mai cin itace kaɗan, a kuma dawo wa dagatai da tsohuwar ƙa'ida cewa itacen da ake ci ba a sare shi sai da izini.

Dashen da ake yi a bukukuwa yawancinsa ba ya ganin damina ta biyu, don babu mai ba shi ruwa, babu mai kare shi daga awaki. 'Yan'uwanmu Hausawan Maraɗi sun bi wata hanya tun shekarun 1980, wadda suke kira sassaben zamani. Maimakon a ƙone duk kututturen da ya tofo a gona, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, don haka itacen yana tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ba ta samun ruwan da muke samu. Hakimi ɗaya da ya gwada wannan a gonarsa ya kira talakawansa su gani zai yi tasirin da tarurruka da yawa ba su yi ba.

A noma ma an taɓa raina gadonmu sannan aka dawo aka ba shi gaskiya, kuma a nan ƙasar Zazzau aka yi. A ƙarshen shekarun 1960 masu bincike daga Samaru, ƙarƙashin David Norman, sun bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna lissafin aikinsu da amfaninsu. Suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake ɗauka rashin wayewa ne, ya fi ba manomi tabbas, don in ruwa ya yi gardama wani ya ƙi, wani zai yi. Yanzu da ruwan ya ƙara rashin tabbas, wannan hikima ta fi da amfani. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana fitar da iri masu saurin nuna, muna godiya. A haɗa da tsofaffin irinmu, kaura da farfara da maiwa, kada su ɓace daga rumbuna. Masu adana su kuwa galibi mata ne, kamar yadda su ne masu daddawa da man kaɗe, don haka duk shawarar da za a yi a nemi bakinsu. Malaman da ke lissafin taurarin damina, su Nasara da Ɗarfa, kowanne da kwanakinsa 13, har yau manoma suna sauraronsu. A riƙa kai musu hasashen NiMet da Hausa, su haɗa da nasu lissafin su isar wa jama'a.

Limamanmu ma suna da rabo. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. An kuma hana cutar da maƙwabci, kuma toshe hanyar ruwa har ya shiga ɗakin wani cutarwa ce a fili. Garin da ake zuwa neman ilimi daga ko'ina bai kamata ya rasa huɗuba a kan wannan ba kafin kowace damina.

Ranka ya daɗe, a cikin duk abin da na ambata akwai wanda ba ya jira. Kududdufi in an cike shi ana iya sake haƙawa, itace ana iya sake renonsa, amma maginan da suka san haɗin laso da ɗaurin bakan gizo yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma buga bulo ko tuƙa babur. Ina roƙon Sarki ya sa a kira su fada kafin ruwan bana ya sauka, a ji daga bakinsu abin da suke buƙata don su koyar, a kuma sa wani daga cikin 'yan majalisa ya riƙe maganar ya riƙa kawo rahotonta.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Talakanka,
ɗan Zazzau daga cikin birni.